Argungu za ni da iyali: ranar su, ko bayan an watse?

Baban Ummi, Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen 'yan'uwanmu na Kabi. Tun ina firamare nake jin labarin bikin kamun kifi na Argungu, har hoton masunta da gorunansu akwai a bangon ajinmu, amma yau na haura shekara arba'in ban taɓa taka garin ba, alhali tsakaninmu ba wata tafiya ce ta a zo a gani ba. Bana na ƙudura, in Allah ya yarda, zan kwashi uwargida da yara uku mu je. Babbar shekararta 14, autan 6. Inda muka rabu da uwargida shi ne lokaci. Ni ranar su ɗin nake so, wato ranar gasar kamun kifi, ranar da ake faɗawa kogin Matan Fada. Ita kuma ta ce ba za ta kai mata yara cikin turmutsutsu ba, sai dai mu bari a watse mu je mu ga gari a tsanake. Waɗanda suka san wurin, ku raba mu gardama.

Ɗan Homa, Argungu:
Wa alaikumus salam. Yaya, maraba da kai tun ba ka taso ba. Ni nan Argungu anka haife ni, gidanmu gidan su ne tun kakanni, kuma sau uku ina shiga Matan Fada da homa, ragar kamun kifi ta hannu, a hannuna. Ka ba Hajiya haƙuri, ku zo ranar su. Abin ba shi faɗuwa da baki, amma bari in ɗan gwada.

Daren da za a shiga ba mu barcin kirki. Kowa na zaune yana bin homarshi ido-ido, in akwai inda zare ya saki a ɗaure, don giwan ruwa ba shi buƙatar babbar ƙofa, ƙaramin rauni ya ishe shi. A duba gora kada ta zan da tsaguwa, don ita ce jirginka in ruwa ya fi ƙarfinka, ita ce kuma rumbunka, ciki kake zuba ƙananan kifi. Da safe a tara mu can nesa da gaɓa, mutum dubbai, kafaɗa da kafaɗa, ba ka jin komai sai goruna na gogar juna. Nan za ka tsaya rana ta yi ta dukanka ana jiran manyan baƙi su zauna. Da an harba bindiga, wallahi ƙasa har motsi take yi. Ƙura ta tashi ta rufe sama, ba ka ganin na gabanka sai gorar da ke bayanshi, kai dai gudu kake kada a tattake ka. Ba ka sanin sadda ka isa ruwa sai ka ji sanyi ya kawo maka ƙirji.

Ba a daɗewa ruwan zai koma kamar kunu saboda laka, kuma nan dabarar take. Kifi ya rasa maɓoya, ya rasa numfashi, sai shi taso. Kai kuma ka nutsa da homa biyu, ɗaya a kowane hannu, ka haɗe bakinsu ƙarƙashin ruwa. Makaɗa na bisa jirage suna zagaya mu, suna kiɗa suna kirari, in anka ambaci gidanku sai ka ji wani ƙarfi ya zo maka wanda ba ka san kana da shi ba. Ranar da babba ya faɗa homar mahaifina, Allah shi jiƙan shi, ina dab da shi. Ya buge shi ga haƙarƙari sai da ya saki gora. Mu uku munka taru kanshi, ƙanen babana ya zura mai igiya ta kumatu ta hito ta baki, sannan munka ja shi gaɓa. Bai ci gasa ba, an samu waɗanda sunka fi shi a sikeli. Amma har tsohon nan ya rasu, in yana wannan labari sai ya ɗaga riga ya nuna wurin. Awa ɗaya ce kacal, Yaya, amma mu shekara muke yi muna jiranta.

Maman Sadik, Birnin Kebbi:
Baban Ummi, ka saurari matarka. Ɗan Homa, ƙanena, kai a cikin ruwa kake, ba ka san abin da mu na tudu muke sha ba.

Na je na watan Maris 2020, wanda aka dawo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba, wanda Shugaba Buhari ya zo. Daga nan Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce, amma ranar mun fito bayan sallar asuba, ba mu samu inda za mu ajiye mota ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Sauran tafiyar a ƙasa muka yi ta, ina goye da ƙarama, ina riƙe da Sadik, lokacin shekararsa bakwai. Rumfuna na manya ne da masu katin gayyata. Mu namu tsayuwa ce a rana, bayan mutane kawai kake gani. Da aka harba bindigar nan da yake faɗa, jama'a suka yi gaba kamar an ɓalle madatsa, ban san lokacin da hannun yaron ya zame daga nawa ba. Ba zan manta wannan rabin awar ba har in mutu. Ina kira muryata ba ta fita, ina kallon ruwa ina kallon ƙafafun mutane. Wata baiwar Allah mai sayar da fura ce ta tsince shi, ta zaunar da shi kusa da ƙwaryarta, ta ba shi ya sha, ta hana shi motsi har na iso. Ko sunanta ban tambaya ba saboda ruɗewa, amma har yau tana cikin addu'ata.

Masauki kuma kada ma a yi magana. Ƙanwata da ta zo daga Kaduna ta biya kuɗin ɗaki tun da sati biyu, ta iso aka ce an ba wani da ya ninka. A falona suka kwana ita da mijinta da yara.

In har dole sai lokacin biki, to kwana huɗu ake yi, ba ranar ƙarshe ce kaɗai ba. Ka kai su ranar Kabanci. A nan ake tseren kwale-kwale, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, da gasar nutso a ga wanda zai fi daɗewa. Yara sun fi jin daɗin wannan nesa ba kusa ba, don suna gani da idonsu, kuma cunkoson bai kai na ranar su ba.

Ɗan Homa, Argungu:
Anti, Allah shi kyauta, wallahi jikina ya yi sanyi. Gaskiyarki, ban taɓa kallon abin daga tudu ba. Kuma maganar Kabanci haka take. Kamun agwagwa ma ni kaina ya fi ba ni sha'awa, don tsuntsuwar nan ta fi mutum wayon ruwa, kana kai hannu ta nutse ta ɓullo bayanka.

Ɗan Kangiwa:
Ni dai abin da zan ce, abin da ake yi tun zamanin Kanta, shekara ɗari biyar, bai kamata Bahaushe ya mutu bai gan shi ba. Wahalar yini ɗaya ce.

Malam Na-Augie:
Ɗan Kangiwa, ɗan gyara kaɗan, don kada baƙonmu ya tafi da abin da ba haka ba. Su da al'adun ruwa sun daɗe a ƙasar Kabi, wannan ba gardama. Gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe ruwa ga masunta bayan an hana shiga na wani lokaci, sun girmi kowa a nan. Amma bikin da muka sani yau, na gasa da baƙi da kyaututtuka, daga 1934 ya samo asali.

Ga yadda abin yake. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai, kuma hedikwatarsa Surame ce, ba Argungu ba. Kufan Surame yana nan har yau da ganuwarsa ta duwatsu, cikin jihar Sakkwato. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har zuwa 1805 da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi na Gwandu suka ci birnin. Kabawan da ba su miƙa wuya ba su ne daga bisani suka kafu a Argungu, har akan ce sunan garin daga kiran "a yi gungu" ya fito, wato a taru wuri ɗaya. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, kuma daga nan aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa, in ban da ɗan sararin da aka samu zamanin Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga.

To ku auna nauyin abin da ya faru a 1934: Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako da ƙafarsa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Jikokin mutanen da suka yi kusan ƙarni suna zubar da jinin juna suka zauna inuwa ɗaya. Da Kabawa suka tashi karrama baƙonsu, ba su nuna masa masu da takubba ba, sai suka nuna masa abin da suka fi kowa iyawa, suka shiga ruwa. Ni duk lokacin da nake koyar da wannan a aji sai na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan ne ma ya sa da UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ban ji mamaki ba.

Baban Ummi, dalilin da ya sa na kawo wannan dogon zance shi ne, ranar su ba wanda zai tsaya ya gaya wa 'ya'yanka wannan. Kowa ta kansa yake. Amma in kun je a ranar da ba kowa, ku shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce da aka mayar gidan tarihi a 1958. Akwai makaman yaƙi, akwai tambura, akwai kayan su na da, kuma a nan kaburburan sarakuna suke. Yarinya mai shekara 14 za ta fito da abin da zai zauna mata a kai.

Ɗan Kangiwa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Wallahi ban san zancen Surame ba sai yau.

Abu Huzaifa, Jega:
Ina neman afuwar zaure, amma akwai abin da kowa ke tsallakewa. Wannan gyaran ruwa da Malam ya ambata, mene ne a cikinsa? Ba yanka ake yi wa iskokin ruwa ba? Ba cewa ake Sarkin Ruwa ne ke sallamar kadoji ya kira kifi ba? In haka ne, ta yaya Musulmi zai kwashi iyalinsa ya kai su? Ba don cin zarafin kowa na faɗa ba, tsoron Allah ne ya sa.

Ɗan Homa, Argungu:
Malam, sau uku ina shiga, ban taɓa yanka wa kowa komai ba sai Allah. Alwala nake yi, in yi bisimilla, in faɗa. Kada ku mai da mu arna don muna masunta. Wannan maganar ta daɗe tana yi mana ciwo.

Baba Alhaji, Argungu:
Ku dakata, 'ya'yana. Ɗan Homa, kwantar da hankalinka, tambaya ya yi, kuma tambayar tana da wuri. Abu Huzaifa, ni na haura saba'in, na ga jiya na ga yau. Ba zan ce maka da can babu abubuwan da shari'a ba ta yarda da su ba. Akwai, kamar yadda akwai su a wajen mahauta da maƙera da mafarauta a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Karatu ya yawaita, da yawa an bar su, wanda bai bari ba kuma tsakaninsa da Ubangijinsa, a yi masa nasiha.

Amma kada ka zubar da jariri tare da ruwan wanka. Sarkin Ruwa da Homa sarautu ne na aiki. Su ke hana a taɓa Matan Fada duk tsawon shekara don kifi ya samu ya girma. Su suka san inda gurbi yake da zurfi, da inda laka ke riƙe ƙafa, da inda kada yake kwana. In mutum ya nutse, gidansu ake bugawa da tsakar dare, su ke shiga su fito da shi. In ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, wurinsu ake kai shi. In aka rushe wannan tsari, wa zai tsare ruwan? Wanda ya je kallo, ya ga masunta sun kama kifi, ya yi sallarsa a kan lokaci, ya kauce wa abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ni ban ga inda ya yi laifi ba. Malamai na nan, su ƙara mana haske.

Abu Huzaifa, Jega:
Na gode Baba. Ban gamsu duka ba, don ni har yanzu cakuɗuwar maza da mata da kaɗe-kaɗen suna damuna, kuma ba zan je ba. Amma Ɗan Homa, ka yafe ni, ban nufi abin da ka fahimta ba.

Ɗan Homa, Argungu:
Ya wuce, Malam. Allah shi yafe mu baki ɗaya.

Baba Alhaji, Argungu:
Madalla. Tunda na buɗe baki, bari in faɗi abin da ya fi damuna, wanda ya fi zancen wace rana za a zo. Ruwan ne kansa. Baban Ummi, in ka zo ka tsaya bakin Matan Fada da rani, za ka ce wannan ne kogin da ake ta labari? Ina yaro, in damina ta yi nisa, fadama gaba ɗaya takan zama ruwa, iyakar ganinka. Cikin ciyawar nan da ruwa ya rufe kifi ke zuba ƙwai, 'ya'yan su yi wata biyu uku suna kiwo ba mai damunsu, in ruwa ya fara janyewa su gangaro gulbi sun yi ƙiba. Balli, yauni, ragon ruwa, ƙurungu, tarwaɗa, kowanne da lokacinsa. Mahaifiyata takan yi banda har sai mun rasa inda za mu sa.

Da aka datse Gulbin Sakkwato a Bakolori a 1978, aka zo aka datse Rima a Goronyo, ambaliyar nan ta shekara-shekara ta rage. Inda kifi ke haihuwa ya tsuke. Ga yashi yana cike gurabe. Ba ku tuna 2006 ba, da aka hana shiga su saboda ƙarancin ruwa? Yanzu ruwan ya bar zuwa da ƙa'ida, ko ya ƙi zuwa, ko ya zo da hauka ya kwashe gonaki da gidaje kamar yadda muka gani a 2010 da 2020. Ana ta murna an kama mai kilo 78 a bikin 2020, ni ma na yi murna. Amma ku je kasuwa ranar da ba biki ku ga abin da masunci ke kawowa. Kifin da a da muke mayarwa ruwa don ƙanƙanta, shi ake kasawa yanzu.

Na-Mafara:
Baba, da girmanka, amma kada a ɗora mana laifin duka. Bakolori ita ke ciyar da mu a Mafara da Bakura da Maradun, shinkafa da kayan lambu duk da ruwanta ne. Kuma mu ma ba a banza muka same ta ba. A tambayi dattawanmu abin da ya faru da manoman da suka nemi diyyar gonakinsu a 1980, rayuka nawa aka rasa. Har yau akwai gidajen da ba a son tayar da zancen.

Baba Alhaji, Argungu:
Na sani, ɗana, Allah ya jiƙansu. Ban ce a fasa madatsa ba. Cewa nake ruwan nan ɗaya ne, wanda ya wuce ta ƙofarku shi ke isowa tamu, ya wuce Birnin Kebbi ya faɗa kogin Neja. In za a saki ruwa, a sake shi da lissafi, a tuna akwai masu jira a ƙasa, mutane da kifi.

Manomi daga Gulma:
Ni manomin shinkafa ne, kuma na san ana zarginmu mu ma, cewa injinan ban ruwa da maganin feshi suna kashe kifi. Ba zan musa ba, na taɓa ganin ƙananan kifi sun taso a kwatar gonata bayan feshi, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Amma a duba, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Kebbi a 2015, aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, samari nawa suka fasa tafiya ci-rani? Rabin masuntan ma yanzu manoman rani ne. Ɗan Homa, ƙarya nake?

Ɗan Homa, Argungu:
Ba ƙarya ba ne, ni kaina ina da 'yar fadamata, ita ke riƙe da gidana. Kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, mu masunta muna da namu laifin. Da can ragogin su namu, kalli da birgi, idonsu manya ne, ƙaramin kifi wucewa yake yi. Yanzu wasu har gidan sauro suke ja kamar taru, su kwashe uwa da ɗiya da ƙwai. In ka yi magana a ce maka yunwa ba ta san gobe ba. Abin kunyar da ya faru a 2008, da anka gano wanda ya zo na ɗaya mataccen kifi ya shigo da shi daga wani ruwa har anka karɓe kyautar, mu ya fi yi wa zafi. Amma na tambayi kaina, da Matan Fada na cike da manya kamar da, wa zai yi tunanin wannan?

Maman Sadik, Birnin Kebbi:
To kun gani. Shi ya sa nake cewa a je a ga garin da mutanensa. Ranar biki an share ko'ina an yi fenti, ana watsewa shi ke nan. Ni zuwan da na fi jin daɗinsa shi ne wanda muka yi da kaka, ba biki ba komai. Muka zauna bakin ruwa da yamma, jirage na dawowa, mata na jiran su da kwanoni. Wata dattijuwa ta soya mana ƙarfasa nan take, ta barbaɗa yaji, muka ci da hannu a kan takarda, ga iska mai sanyi tana tasowa daga fadama, shinkafa ta yi jawur har inda ido ya tsaya. Sadik ya yi ta tambayar wani tsoho yadda ake saƙa homa, tsohon ya zaunar da shi ya nuna masa ƙulli ɗaya. Har yau ya iya shi.

Shugaban zaure:
Jama'a, muhawara ta yi albarka, amma mai tambaya yana jira. A taimaka masa da zancen hanya da masauki.

Direba Ɗan Sakkwato:
Alhaji, daga Gusau ka bi ta Mafara ka shigo Sakkwato, daga nan zuwa Argungu kusan kilomita 100 ne. Ka fito da sassafe amma ba da duhu ba, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, ka san yanayin da muke ciki. Kada la'asar ta same ka a daji. In da iyali ne, ni shawarata ku kwana Sakkwato, da safe ku ƙarasa. Masauki in ba lokacin biki ba ne ba ya wahala, in kuma lokacin ne, ka nema a Birnin Kebbi ko Sakkwato tun da wuri, ka riƙa zuwa kana dawowa.

Malam Na-Augie:
Ƙari a kan nasa: tsakanin Fabrairu da Maris aka saba yin bikin, amma ba kowace shekara yake samuwa ba, don haka kada ka ɗaura niyya sai ka ji sanarwa daga masarauta ko gwamnatin jiha.

Baban Ummi, Gusau:
Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na zo da tambaya ɗaya na samu abin da ya fi ta. Na karanta wa uwargida duka, tun daga kan Ɗan Homa har zuwa Baba. Da na zo wajen ɓatan Sadik sai da ta ce in dakata, ta share hawaye. Ga abin da muka tsayar. Hutun makaranta mai zuwa za mu zo gaba ɗaya, mu yi kwana biyu, mu shiga gidan tarihi, mu zauna bakin ruwa. In Allah ya kai mu lokacin biki kuma, ni kaɗai zan dawo, ko ni da ƙanena, don har yanzu ƙurar nan da ƙarar bindigar suna raina, ba zan ɓoye ba. Ummi ce ma ta tayar da rigima yanzu, wai ita sai ta ga kamun agwagwa.

Baba Alhaji, in mun zo ina son in kawo yaran su gaishe ka, su ji sunayen kifayen nan daga bakinka. Ni kaina ban taɓa jin yauni ba sai yau.

Baba Alhaji, Argungu:
Ƙofa a buɗe take, ɗana. Ku zo da yamma, lokacin na dawo daga masallaci. Yauni shi ne dogon nan mai santsi da wasu ke ce wa ɗan sarki. In an dace a kasuwa zan sa a nemo muku ko guda ne.

Ɗan Homa, Argungu:
Yaya, ka turo min saƙo ta gefe in ranar ta matso. Ƙanen babana, wanda ya zura igiyar nan, yana nan da ranshi da jirginshi, zan yi mai magana shi zagaya da ku. Amma sharaɗi ɗaya, kuma Hajiya ta ji: ba yaron da zai hau sai da rigar ruwa, ku sayo tun daga Sakkwato don nan ba a cika samun ta yara ba. Mutum biyar sahu biyu za mu yi, jirgin ƙarami ne. Autan kuma ka ce mai akwai wata 'yar gora ta ɗana da ya girme ta, na aje mai.

Maman Sadik, Birnin Kebbi:
In za ku koma ku biyo ta Birnin Kebbi ku ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidana. Ka ba Maman Ummi waya, ina son mu yi magana mu biyu.